Doki 455 da doki 181: kundin aikina a filin tseren mota

9 ga Maris

Aikin da na ɗora wa kaina bana shi ne in gano, da ma'auni, inda lokaci yake zuwa a zagaye ɗaya na filin tsere: nawa ne rabon inji, nawa ne rabon mai riƙe da sitiyari. Ina magana ne a kan ranakun da ake buɗe fili ga masu sha'awa, kowa ya zo da motarsa da hular kwanonsa, a kasa mutane rukuni-rukuni gwargwadon gogewarsu, kowane rukuni ya shiga ya yi kamar minti 20 ya fito. Ba a ba da kofi, ba a kiran na ɗaya. Amma da an kashe inji an taru ana hutawa, hirar ba ta wuce doki nawa ne a motar wane (doki shi ne ma'aunin ƙarfin inji), kuma na sha ganin sabon shiga ya koma gida da niyyar ƙara wa injinsa ƙarfi alhali bai taɓa amfani da rabin wanda yake da shi ba.

Motoci biyu ne a aikin. Tawa Mazda MX-5 ce ƙirar 2019, inji lita 2, doki 181, nauyinta bai kai kilo 1,100 ba. Ta abokina Chevrolet Corvette C7 ce, inji V8 mai lita 6.2, doki 455, nauyi wajen kilo 1,500. In aka auna ƙarfi da nauyi, tawa tana da doki kamar 170 a kowane tan, tasa kamar 300. Na riga shi shiga fili da 'yan shekaru, shi bara ya fara. Mutum na uku shi ne malamin tuƙin da ke zama a kujerar gefe yana koyar da mu, kuma ya yarda zai tuƙa motocin biyu idan lokaci ya yi. Shi ne ma'aunin da za mu gwada kanmu da shi.

Sharaɗin da muka gindaya: ba wanda zai taɓa inji har ƙarshen shekara.

23 ga Maris

Na haɗa kayan awo. GPS ɗin da ke cikin yawancin wayoyi sau ɗaya yake ɗaukar wuri a sakan guda, mota kuwa a gudun kilomita 160 a awa tana cin mita 44 a wannan sakan ɗin. Wurin taka birki gaba ɗaya zai iya faɗawa tsakanin ɗigo biyu. Saboda haka muka samo na'ura mai ɗauka sau 10 a sakan, ɗaya a kowace mota, da kyamara mai kallon ƙafafu da sitiyari.

Abu huɗu zan riƙa rubutawa a kowace kwana: inda aka fara taka birki, gudu mafi ƙanƙanta a tsakiyar kwana, inda totur ya kai ƙasa, da gudun da aka kai a ƙarshen miƙaƙƙen da ke biye. Tayoyin motocin biyu na titi ne masu ajin riƙo kusan ɗaya. An zuba sabon man birki a duka biyun.

13 ga Afrilu

Fita ta farko da na'urorin. Da na ɗora zanen gudun motocin biyu a kan juna, na abokina ya fito da tsaunuka masu tsini da ramuka masu zurfi, nawa tudu-tudu ne marasa tsawo, ramukan kuma ba su nutse sosai ba. A ƙarshen babban miƙaƙƙe ya fi ni gudu nesa ba kusa ba. A tsakiyar kowace kwana ni na fi shi. Lokacin zagayenmu ya zo kusan kai da kai, har akwai zagayen da ƙaramar motar ta sha gaba.

Bai ji daɗi ba, kuma na fahimce shi. Ya ce, "Mutumina, anya na'urar nan ƙalau take? Ni fa ina jin motar tana tashi." Gaskiya ya faɗa, tana tashi. Jiki yana jin fizgar totur sosai, ba ya jin sakan ɗin da ke zubewa lokacin da mota take lallaɓawa a cikin kwana. Shi ya sa mai babbar mota yakan fito yana jin ya yi gudun duniya, agogo kuwa bai yarda ba.

27 ga Afrilu

Yau a kan takarda na yi aikin, don in san ko abin da na gani yana da tushe.

Gudun da mota za ta iya ɗauka a kwana abu biyu ne suka yanke shi: riƙon taya da faɗin da'irar da direba ya bi. Ƙarfin inji ba ya cikin lissafin sam. Tayar titi mai kyau a busasshiyar kwalta tana iya riƙe fizgar gefe da ta kai kusan nauyin motar kanta, abin da ake kira g ɗaya. A kwanar da da'irarta ke da mita 50 daga cibiya, wannan ya ba da kilomita 80 a awa. Ko doki 181 gare ka ko 455, in ka wuce haka taya za ta sake.

To, a ce kwanar mai kusurwa 90 ce, tsawon bakanta mita 78 da ɗoriya. Wanda ya bi ta a 80 zai yi sakan 3.5. Wanda tsoro ya sa ya bi ta a 65 zai yi sakan 4.3. Shi wannan na biyun yana ji kamar ya ƙure motar, alhali kashi biyu cikin uku na riƙon tayarsa kawai ya taɓa. Sakan 0.8 ke nan a kwana ɗaya. Fili mai kwana goma irin wannan, sakan takwas sun tafi.

Sai layi. Direban da ya faro daga can gefen waje, ya sauko ya shafi cibiyar kwanar, wato gefen ciki a tsakiyarta, ya bar mota ta buɗe zuwa ɗaya gefen, ya faɗaɗa da'irarsa. In ya mai da mita 50 ta zama 60, iyakar gudunsa ta tashi daga 80 zuwa 87, bai sauya ko ƙusa ɗaya a motar ba. Sayen tayar da ta fi riƙo da kashi 10 cikin ɗari kuwa 84 kawai zai kai shi. Yawancin sababbi suna barin mita guda ko fiye a kowane gefe, kamar kwaltar ta wani ce aka ba su aro.

Yanzu ɓangaren inji. Na ɗauki miƙaƙƙe mai mita 600, motocin biyu suka fito kwana a 80, na ajiye batun iska gefe don lissafin ya yi sauƙi. Corvette ta ci MX-5 da sakan biyu zuwa uku. Ba ƙaramin abu ba ne, amma ya gaza abin da mutane ke zato. Dalili shi ne, a tazara ƙayyadadda, ko ka ninka ƙarfi sau biyu gudun ƙarshe ba ya ƙaruwa fiye da kashi 26 cikin ɗari. In iska ta shigo lissafi abin ya ƙara tsanani, domin ƙarfin da ake bukata don keta ta yana hawa ne gwargwadon gudu sau gudu sau gudu: mai son ninka iyakar gudun motarsa sau biyu sai ya nemo ƙarfi ninki takwas.

Ke nan a fili mai babban miƙaƙƙe ɗaya da 'yan gajeru, ribar doki 274 ɗin da ke tsakaninmu tana iya ƙarewa a kwana huɗu ko biyar da aka bi da ɗar-ɗar.

18 ga Mayu

Ranar birki. Malam ya shiga motar abokina, ni na bi su a baya, daga baya muka zauna a kan bidiyon ƙafafu.

Abin da ya fito ya fi na kwana muni. Abokina yana ɗaga ƙafa daga totur tun da nisa, mota ta yi ta gangarawa ba totur ba birki, sannan ya ɗora ƙafa a hankali, ya ƙara dannawa yayin da kwana ke matsowa. Tuƙin titi ke nan, kuma a titi daidai ne. A fili juya shi ake yi: totur a ƙasa har alamar birki, a taka da ƙarfi tun farko lokacin da gudu yake da yawa kuma mota tana miƙe, sannan a riƙa sassautawa yayin da sitiyari ke juyawa. Taya tana da riƙo gwargwado guda, shi ake rabawa tsakanin tsayawa da juyawa. Wanda ya cinye shi da birki bai bar wa sitiyari komai ba. Sassautawar a hankali tana kuma barin nauyi a kan tayoyin gaba, shi ke sa hancin mota ya karɓi kwana.

Daga 200 zuwa 80, mai taka birki har g ɗaya yana bukatar mita 132. Mai takawa kashi 70 cikin ɗari yana bukatar 189. Mita 57 ke nan da injin V8 ya kamata ya ci da totur a ƙasa, aka ba birki. Ƙarfin da ya fi kowa shi ne kuma yake jefa shi cikin wurin birki da gudun da idonsa bai saba ba, sai tsoro ya sa ya ɗaga ƙafa da wuri. Babbar mota tana ba sabon direba aiki mai wuya fiye da ƙarama a daidai inda ya fi rauni.

Malam ya ce masa, "Ɗan'uwa, ko totur ko birki. Duk inda ƙafarka take shawagi, kana tafiya ne a kyauta."

Da rana ta take, wata mota mai nauyi a rukuninmu ta shigo da birki ya yi laushi har ƙasa. Mai ita bai sauya man birki ba tun da ya saye ta. Man birki yana shan danshi daga iska. Ƙa'idar man birki mai ajin DOT 4 ita ce kada sabo ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Celsius, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 155, kuma da ya tafasa tururi ne a cikin bututu, ƙafa ta danna babu abin da ya kama. Na lissafa zafin da birki ke sha: mota mai kilo 1,500 daga 200 zuwa 80, da mai kilo 1,060 daga 160 zuwa 80, ta farkon tana zuba wa birkinta zafi kusan ninki biyu da rabi a kowace takawa. Alhamdu lillahi a wurin da ke da filin tsira abin ya same shi.

8 ga Yuni

Abin da ya fi ɓata min rai a ranakun nan na sake gani yau. A rukunin sababbi da na tsakiya ba a wuce mota sai na gaba ya miƙo hannu ya nuna gefen da za a bi, kuma a miƙaƙƙe kawai. Mai babbar mota sai ya tare mutane a kwanoni, jerin gwano ya taru a bayansa, da an fito miƙaƙƙe ya take totur ya ɓace, ya duba madubi ya ga wayam, ya ɗauka ya fi su. Kwana biyu a gaba sun sake cika masa madubi.

Motar da ta bayyana a madubinka ba daga sama ta faɗo ba, ta fi ka sauri a zagaye ne. In ka ba ta hannu, dole ka ɗaga ƙafa, in ba haka ba mai doki 181 ba zai taɓa wuce mai 455 a miƙe ba. Asarar ma ta mai tarewar ce, domin da ya bar ƙaramar motar ta wuce ya bi ta zagaye biyu, da ya ga layin da ake bi da idonsa. Masu tuta sun ɗaga wa mutumin shuɗiya, alamar ya ba na baya hanya, bai gani ba, har sai da aka fito masa da baƙa aka kira shi gefe.

6 ga Yuli

An wuni ana ruwa. Mutane da yawa sun naɗe kayansu, mu muka shiga. A jiƙaƙƙiyar kwalta riƙo yana raguwa ƙwarai, sai ya zama ko MX-5 tana da ƙarfin da ya fi abin da tayar baya za ta iya sauke wa ƙasa a fitar kwana. Fitilar na'urar hana sulɓi a Corvette ba ta daina ƙiftawa ba, wato kwamfutar motar tana yanke ƙarfin da aka biya kuɗi aka saya. Layin ma ya sauya, domin inda tayoyi suka goge da roba a busasshe shi ne ya fi santsi da ruwa, sai an ɗan kauce masa.

A wannan ranar tazarar da ke tsakaninmu ta fi ta kowace rana, kuma ƙaramar motar ce a gaba. Amma ina ganin abokina ya fi ƙaruwa da ita, don a karon farko ya ji yadda taya take gargaɗi kafin ta sake, a gudun da ba ya firgita mutum.

17 ga Agusta

Malam ya tuƙa motocin biyu, safiya ɗaya, yanayi ɗaya.

A MX-5 ya fi ni, kuma na ga inda ya fi ni: kwanoni masu sauri, inda yake shiga da ɗan sassauta totur kawai, da yadda yake mai da ƙafa kan totur tun kafin cibiyar kwana. A Corvette kuwa ya bar lokacin abokina a baya da tazarar da ta ninka wadda ke tsakanina da shi. Abu na uku shi ne wanda masu cewa ƙwarewa ce komai ba sa son ji: lokacinsa a Corvette ya fi lokacinsa a MX-5 da sakan masu yawa. A tsakiyar kwanoni gudun motocin biyu a hannunsa kusan ɗaya ne, har Corvette ta ɗan fi a wasu saboda faɗin tayoyinta. A kowane miƙaƙƙe kuma ta karɓi haƙƙinta cif. Ƙarfin inji gaskiya ne. Sai dai ba ya fara aiki sai totur ya kai ƙasa, kuma direba ne yake yanke wa kansa kashi nawa na zagaye zai yi a haka.

Da muke duba zanen, malam ya tuna mana labarin Sabine Schmitz, Bajamushiyar da ta ci tseren awa 24 na filin Nürburgring da ke Jamus a 1996 da 1997. A wani shirin talabijin na BBC a 2004, mai gabatar da shirin, Jeremy Clarkson, ya sha fama kafin ya zagaye Nordschleife, tsohon ɓangaren filin, a minti 9 da sakan 59 da Jaguar mai injin dizal. Ita ta shiga motar ta yi minti 9 da sakan 12. Daga baya ta ɗauki motar ɗaukar kaya ƙirar Ford Transit ta yi minti 10 da sakan 8. Sakan 47 a mota ɗaya, sakan 9 kacal tsakanin motar alfarma da motar kaya. Ita a gefen filin ta tashi, ta san kowace kwana da kowane tudu.

Na tambaye shi, "Malam, in da kai ne, da wace za ka fara koyo?" Ya nuna ƙaramar. Ya ce a cikinta in ka ɓata kwana sai ka biya har ƙarshen miƙaƙƙe, babu injin da zai rufa maka asiri, don haka kuskurenka yana fitowa a agogo nan take. A babbar kuwa kana iya ɓata kwana ka take totur ka rama, ka shekara kana maimaita abu ɗaya ba ka sani ba.

21 ga Satumba

Na ba abokina motata ya yi safiya da ita. Zagayen farko-farko ya shiga kwanoni da zafi don ya rama rashin ƙarfi, gaba ya ƙi juyawa, ya jira, ya fito a makare. Sauri ya haifi nawa. Malam bai yi masa maganar gudu ba ko sau ɗaya. Ido ya yi ta kira masa: kafin ka taka birki idonka yana kan cibiyar kwana, kafin ka kai cibiya idonka yana kan mafita. Hannu yana bin inda ido ya je, kuma mai kallon nesa abubuwa ba sa zo masa a guje.

Kafin azahar zanensa ya sauya siffa. Ramukan sun cike, wurin shawagin ƙafa ya kusa ɓacewa. Da ya koma Corvette da yamma bai iya kwashe duka ya tafi da shi ba, don a 200 zuciya ba ta yarda da abin da ta yarda da shi a 160. Amma gudunsa na tsakiyar kwana ya hau a kusan ko'ina, kuma a karon farko ya wuce ni a lokacin zagaye ba tare da na tare shi ko ya tare ni ba.

Na lura da tayoyinsa ma. A da gefen wajen tayoyin gaba ne ke cinyewa saboda yawan murɗa sitiyari bayan riƙo ya ƙare. Yau sun fito da ci daidai.

19 ga Oktoba

Yanzu yana gabana a fili, tazarar kuma tana ƙaruwa, ko da yake har yanzu na fi shi a kwanoni masu sauri da wurin birkin babban miƙaƙƙe. Tsakaninsa da lokacin malam a motarsa akwai sauran tafiya mai nisa. Tsakanina da lokacin malam a tawa tazarar ta ragu, kuma abin da ya rage yana cikin kwana biyu, duka masu sauri.

Duk abin da na rubuta daga fili ɗaya ne, mai yawan kwanoni da miƙaƙƙe guda. Fili mai dogayen miƙaƙƙu zai ba inji rabo mafi girma, kuma ina so in ga girman rabon da ma'auni. Mun yi rajistar rana a irin wannan filin a watan gobe, wanda ba wanda ya taɓa shiga a cikinmu, don haka sanin hanya ba zai taimaki kowa ba. Kafin nan za a sauya man birki da takalman birkin gaba a motocin biyu, zan kuma ƙara abin da ke karanta matsayin totur kai tsaye daga kwamfutar mota, don in daina ƙiyasta shi daga bidiyo. Malam ya ce zai zo, kuma zai fara da Corvette wannan karon.